Kura da Shan Bugu: Tarihin Shafen Cikin Injin Mota

Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin mota, abin da aka fi ambata shi ne sunayen manyan mutane irin su Benz da Ford, da yawan gudun da motoci ke yi, da kyan ƙirarsu. Ba safai akan sami wanda zai tsaya a kan abin da ke faruwa can cikin inji ba, inda ƙarfe ke gugar ƙarfe sau dubbai a cikin minti ɗaya. A wannan maƙala ina so in jawo hankalin mai karatu zuwa ga wani ɗan abu wanda kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, wato shafen da ake yi wa bangon cikin inji don rage gogayya. Matsalar da aka ƙirƙiro shi dominta ta durƙusar da wani tsohon kamfani a Jamus, ta kuma kusa yin haka ga wani a Japan. Abin da ya fi ba ni sha'awa a cikin labarin shi ne, an yi wahalar gano mafi shaharar shafen nan ne don a ceci wani sabon inji da aka ce zai kori injin fistin daga duniya, amma daga baya injin fistin ɗin ne ya ci moriyarsa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata in faɗi abin da nake nufi da kalmomi biyu. Gogayya a nan ba ta 'yan siyasa ba ce, ita ce turjiyar da akan samu idan abu biyu suna gugar juna, wadda ke haifar da zafi da zaizaya. Shafe kuwa na aro shi ne daga maƙeran farfaru, masu cewa zobe shafen zinariya ne. Amma ta wajen amfani ya fi kama da makubar da magina ke yi wa katangar ƙasa. Katangar ce ke ɗauke da nauyin ɗaki, makubar kuwa ita ce ke fuskantar ruwan sama.

Gogayya da Ɓarnarta

A shekarar 1966 wani kwamiti a Ingila, ƙarƙashin shugabancin Peter Jost, ya miƙa wa gwamnati rahoto cewa ƙasar za ta iya tsimin fam miliyan 515 kowace shekara idan aka kula da sha'anin gogayya da zaizaya da sa mai. Daga wannan rahoto ne fannin ya sami suna na kansa a jami'o'i. Wani bincike kuma da Kenneth Holmberg da abokan aikinsa suka buga a 2012 ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da ƙaramar mota ke sha yana tafiya ne wajen yaƙi da gogayya, a inji da giya da tayoyi da birki. A cikin injin kansa kuwa, kusan rabin gogayyar tana tsakanin fistin da zobbansa da bangon silinda ne.

Masu ƙera injin fistin sun daɗe da samun sa'a a kan wannan. Zoben fistin mai tsaga, wanda John Ramsbottom ya fito da shi a 1852 don jiragen ƙasa masu tururi, ya yi daidai da silindar ƙarfen zubi. Shi ƙarfen zubi yana ɗauke da ƙwayoyin gawayi mai santsi, irin baƙin cikin fensir, a jikinsa. Bugu da ƙari akan yi wa bangon silindar ƙananan zane masu gilma wa juna, don baƙin mai ya sami wurin maƙalewa. Ta haka zoben yakan yi yawancin tafiyarsa a kan mai, ba a kan ƙarfe ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yawaita shafa wa zoben sama ƙarfen kurom mai tauri, don ya jure ƙura da zafi. Da wannan dabara aka daɗe ana zaune lafiya.

Sai dai ƙarfen zubi yana da nauyi. Sanholo, wato alminiyam, nauyinsa bai fi kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe da kaɗan ba, kuma ya fi shi saurin fitar da zafi. Aibinsa shi ne taushi. In zoben ƙarfe ya goge shi sai ya kwarzane, in kuwa sanholo ya goge sanholo sai su kama juna su manne. Saboda haka wanda duk ya yi gangar inji da sanholo, dole ya cusa kuben ƙarfe a cikin kowace silinda.

Injin Wankel

An haifi Felix Wankel a garin Lahr na Jamus a 1902. Bai yi jami'a ba, kuma saboda raunin ganinsa bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba. Tun yana saurayi ya ƙi jinin yadda fistin ke hawa ya tsaya, ya sauko ya tsaya, alhali abin da ake nema daga gare shi juyi ne. Ya fara aiki da kamfanin NSU na garin Neckarsulm, masu ƙera babura, a 1951. Ranar 1 ga Fabrairu 1957 injinsa na farko ya tashi. Wanda ya shiga motoci daga baya, wani injiniyan NSU ne mai suna Hanns Dieter Paschke ya sauƙaƙa shi.

Mai karatu ya ɗauki kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, amma wanda tsakiyarsa ba ta tsuke sosai ba. Haka cikin gidan injin yake. A ciki akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa sun ɗan kumbura, mu kira shi majuyi. Yayin da yake juyawa, kusurwoyinsa uku ba sa barin jikin bango, don haka kullum akwai ɗakuna uku da ke buɗewa suna tsukewa. Ɗaya na shan mai da iska, ɗaya na matse su har fulogi ya kunna, ɗaya na fitar da hayaƙi. Babu bawul, babu fistin, ga ƙanƙanta, ga rashin girgiza. Ba abin mamaki ba ne da kamfanoni suka yi ta rububin sayen izinin ƙera shi, tun daga Curtiss-Wright na Amurka a 1958, har Daimler-Benz da General Motors daga baya.

To, amma ina gizo yake saƙa? A kan kowace kusurwa akwai wani siririn matoshi, wanda ke yin aikin da zobe ke yi wa fistin. Zoben fistin yana da faffaɗar fuska, kuma mai na fantsamo masa daga ƙasa. Shi kuwa matoshin kusurwa da bakinsa kaɗai yake taɓa bango, kamar kaifin wuƙa, yana kuma karkata gaba da baya a cikin tafiyar. Yana bi ta kan ramin fulogi. Yana barin ɓangaren da iska mai sanyi ke shigowa ya faɗa ɓangaren da wuta ba ta mutuwa. Man da zai samu kuma ɗan ɗigo ne da ake sakawa a cikin ɗakin, wanda ke ƙonewa tare da fetur. Daɗin daɗawa, gidan kansa dole a yi shi da sanholo don ya iya fitar da zafin ɓangaren wutar, kuma siffar kwanson gyaɗa ba ta karɓar kube cikin sauƙi kamar zagayayyar silinda. Ke nan ba makawa sai an shafe bangon da wani abu mai tauri.

Farcen Shaiɗan

A 1961 kamfanin Toyo Kogyo na birnin Hiroshima, wanda ya koma Mazda a 1984, ya sayi izini daga NSU. Shugabansa Tsuneji Matsuda yana da dalili mai ƙarfi. A lokacin gwamnatin Japan na shirin haɗe kamfanonin motoci su zama manyan rukunoni kaɗan, shi kuwa yana ganin in ba su da wata fasaha tasu ta daban, za a haɗiye su. Da suka gwada injin, sai suka tarar bayan ɗan lokaci bangon da aka shafe da kurom ya yi wasu gurzuna a jere, kamar allon wanki. Da zarar sun fito, matsi ya zube, inji ya mutu. Injiniyoyin suka sa musu suna farcen shaiɗan.

A 1963 aka kafa sashe na musamman mai injiniyoyi 47, aka ɗora Kenichi Yamamoto a kansu. Saboda yawan nasu ya zo daidai da na mayaƙan nan 47 na tarihin Japan da suka sadaukar da rayukansu don ubangidansu, sai aka riƙa kiransu da wannan laƙabi. Sun gwada abubuwa iri-iri a matsayin matoshi, har da ƙashin doki da na saniya. Daga bisani suka gane cewa laifin ba na taurin bango kaɗai ba ne. Matoshin ne ke karkarwa, yana tsalle yana dira a wuri ɗaya a kowane zagaye, kamar yadda alli ke ƙara a kan allo in an riƙe shi a tsaye. Da farko suka huda ramuka a jikin matoshin don su canza yanayin karkarwar. Sa'an nan, tare da kamfanin Nippon Carbon, suka yi matoshi na gawayi wanda aka ɗirka wa sanholo. Gawayin na da santsi nasa na kansa, ba shi da nauyi, kuma yana zama lafiya da kurom. Ranar 30 ga Mayu 1967 motarsu Cosmo Sport ta shiga kasuwa.

A nan ne, a ganina, babban darasin fannin ya fito fili. Shafe ba ya aiki shi kaɗai. Abin kamar aure ne: ba a tambayar ko bango na da tauri, sai dai a tambayi wa zai zauna da shi, da wane mai, a cikin wane zafi.

Faɗuwar NSU

A Jamus kuwa an bi wata hanya. Maimakon kurom, sai aka koma ga nikel wanda aka cakuɗa da ƙananan ƙwayoyin silikon kabaid, wato abin nan mai tsananin tauri da ake yin dutsen washi da shi. Akan tsoma gidan injin a cikin ruwan magani, a saki lantarki, nikel ya riƙa hawa bango yana tafiya da ƙwayoyin. Bayan an goge, sai ƙwayoyin su ɗan fito su ɗauki nauyin guga, mai kuma ya kwanta a tsakaninsu. Kamfanin Mahle na birnin Stuttgart ya fito da nasa a 1967 da sunan Nikasil, sunan da ya zama kamar na dukan irin wannan shafe.

A shekarar nan ta 1967 NSU ya fito da motarsa Ro 80, wadda ƙirarta ta riga zamaninta, har aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1968. Amma injinta ya ba da kunya. Bangon ya yi tauri yadda ake so, matosan kusurwa ne ba su iya zama da shi ba, musamman a hannun mutanen birni masu gajerun tafiye-tafiye da injin da bai gama ɗumi ba. Injuna da yawa sun gaji kafin su cika kilomita 50,000. Kamfanin ya yi ta canza wa mutane inji kyauta, har ana ba da labarin barkwanci cewa in masu Ro 80 biyu suka haɗu a hanya, kowa kan ɗaga yatsu don ya nuna yawan injunan da aka canza masa. A 1969 Volkswagen ya saye NSU ya haɗe shi da Auto Union, kamfanin da a yau ake kira Audi. An gyara matosan daga baya, amma suna ya riga ya ɓaci. Da aka daina ƙera Ro 80 a 1977, bayan an yi kimanin 37,000, sai sunan NSU ya ɓace daga kan motoci.

Tsadar man fetur ta 1973 ta ƙarasa abin da ya rage, domin injin Wankel mashayin mai ne. General Motors ya jingine nasa shirin. Mazda ma da ƙyar ya sha, sai da bankin Sumitomo ya tallafe shi. Shi kaɗai ya ci gaba da gaske, har motarsa 787B ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991, da matosai na tangaran mai tauri da bangon da aka fesa wa gaurayen ƙarfe da tangaran. Ita ce motar Japan ta farko da ta ci wannan tsere. An daina ƙera RX-8 a 2012, sa'an nan a 2023 Mazda ya dawo da ƙaramin injin Wankel a cikin MX-30, amma aikinsa shi ne ya juya janareta ya ba batir wuta.

Gardi da Karɓar Kuɗi

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun NSU na cikin wahalarsa, masu injin fistin suka lura cewa shafen da zai iya jure kaifin matoshin kusurwa, zoben fistin ba zai gagare shi ba. In kuwa haka ne, ana iya jefar da kuben ƙarfe gaba ɗaya. Porsche ya fara da motar tserensa 917, sa'an nan ya kawo shi cikin 911 Carrera RS ta 1973. Da aka cire kube, faɗin silinda ya tashi daga milimita 84 zuwa 90, injin ya girma daga lita 2.4 zuwa 2.7 ba tare da an ƙara masa tsawo ba. Nauyi ya ragu, zafi ya sami hanyar fita kai tsaye, kuma tun da fistin da silinda duk sanholo ne, suna buɗewa tare in sun yi zafi, don haka ana iya rage tazarar da ke tsakaninsu. Daga nan shafen ya bazu cikin babura da motocin tsere.

Amurkawa sun gwada wata dabarar. A 1970 Chevrolet ya fito da Vega, wadda aka zuba gangar injinta da sanholo mai ɗauke da silikon kimanin kashi 17 cikin 100. Akan cinye fuskar sanholon kaɗan don ƙwayoyin silikon su fito, sa'an nan a juya al'ada, a shafa wa fistin ƙarfe. Dabarar ba ta da laifi, amma tsarin sanyaya injin bai wadatar ba. In ya yi zafi sai bango ya kwarzane, mota ta kama shan baƙin mai, kuma sunanta ya lalace har aka daina yin ta a 1977. A wannan shekarar ce Porsche ya fito da 928 da irin wannan sanholon, ya zauna lafiya. Wani ya yi rawa ya sami kuɗi, wani ya yi ya sha kashi.

Shi ma Nikasil ranarsa ta zo. A cikin shekarun 1990 BMW ya yi amfani da shi a manyan injunansa, haka ma Jaguar daga 1996. Sai aka fara kawo ƙarar motoci daga Amurka da Ingila, ba sa tashi da safe, matsinsu ya zube. Da aka bincika, sai aka tarar fetur mai yawan farar wuta ne sanadi. In farar wuta ta ƙone ta haɗu da raɓar da ke taruwa a cikin inji mai sanyi, sai ta zama ruwa mai ci, irin na batir, ta riƙa cin nikel. An canza injuna masu yawa kyauta. BMW ya koma ga sanholo mai silikon da kuma kube, Jaguar ya koma ga kuben ƙarfe a 2000. Abin lura shi ne, a ƙasashen da fetur ke da tsabta, irin waɗannan injuna sun yi ta aiki ba tare da wata matsala ba.

Bayan wannan sai hankali ya koma ga hanyoyi biyu. Ta farko ita ce fesa narkakken ƙarfe a bangon silindar sanholo, kamar yadda ake fesa fenti. Nissan ya yi haka a injin GT-R na 2007, inda shafe mai kaurin milimita 0.15 ya maye gurbin kube mai milimita 2.6. Ta biyu ita ce shafen gawayi mai kama da lu'ulu'u, wanda Aisenberg da Chabot suka fara bayyanawa a 1971. Yana haɗa taurin lu'ulu'u da santsin baƙin fensir, kaurinsa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na gashin kai ba. Ya fara ne a motocin tsere, a 2006 Nissan ya sa shi a kan matokaran bawul na motocin kasuwa, daga baya ya kai ga zobban fistin. Baƙin da mai karatu zai gani a gefen sabon fistin kuwa, shi ma shafe ne, na gawayi mai santsi ko na molibdinam a cikin wani irin ƙaro, don ya kare fistin a daidai lokacin tashi kafin mai ya iso.

A nan ya kamata a bambanta waɗannan da ruwan gwangwani da ake tallar cewa in an zuba shi a cikin baƙin mai zai shafe cikin inji da Teflon. Shafe na gaskiya a masana'anta ake yin sa, a kan ƙarfen da aka wanke tas, da lantarki ko wuta ko cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. A 1997 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa masu sayar da Slick 50 suka amince su daina yin iƙirarin da ba su da hujja a kansa.

Abin da Ya Shafi Makanikanmu

Ba mu ƙera waɗannan injuna ba, amma suna iso mana, galibi bayan sun tsufa a Turai ko Amurka. Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, injinta na da kube mai fita. In ya gaji, bakanike ya sauke inji, ya zare kube da fistin da zobba, ya sa sababbi, mota ta koma hanya. Wasu injunan kuma akan kai gangarsu wurin masu injin huda, a ƙara faɗin silinda kaɗan, a sa fistin mai girma. A kan wannan ilmi aka horar da dubban yaran gareji.

Silindar da aka yi wa shafe ba ta karɓar wannan magani. In aka huda ta, shafen ne zai fara tafiya, a bar sanholo tsirara, wanda zobe zai cinye cikin ɗan lokaci. Zoben ma ba kowanne ba ne zai zauna da ita, domin wanda aka yi don ƙarfen zubi yana iya ɓata bangon. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda yawancinta yashi ne mai tauri. In matacin iska ya yage ko aka cire shi, ita ke shiga tsakanin zobe da bango. Batun farar wuta ma bai bar mu ba. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma mai farar wuta fiye da abin da dokar Turai ta yarda da shi nesa ba kusa ba, kuma a ƙarshen shekarar Nijeriya da Gana da Benin da Togo da Kwaddibuwa suka amince su rage ta.

In irin wannan silinda ta kwarzane, hanya uku ce. Ko a aika da gangar inda za a kankare tsohon shafe a yi sabo, abin da ke bukatar masana'anta ta musamman. Ko a huda ta sosai a cusa mata kuben ƙarfe, a nemo fistin da zobban da suka dace da shi, wato a mayar da ita irin ta kafin 1967. Ko kuwa mai mota ya nufi kasuwar kayan gyara ya nemo wata gangar da aka ciro daga wata motar.